Gwiwoyin Kwamared

Shekara da shekaru gwiwar mijina ba ta taɓa ƙasa a gaban ɗan Adam ba. Ba ciwo ba ne, don lafiyarsa ƙalau, kuma sallarsa yana yin ta da ruku'u da sujada kamar kowa. Aƙida ce. Ya ɗauko ta ne a wata ƙasar 'yan gurguzu can cikin sanyin Turai, inda aka tura shi karatun injinan noma. Ya dawo da ita tare da gemu, da wata hular gashi mai kunnuwa wadda har yau bai sami ranar sa ta a Zariya ba.

Ranar da ya dawo ba a ɗaura mana aure ba tukuna, amma an sa rana. Gidanmu yana kallon nasu a Muciya, cikin Sabon Gari, don haka komai a kan idona aka yi shi, ina leƙe ta bayan ƙyauren zaure. Mahaifinsa, wanda ni ma Baba nake ce masa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya yanka rago, ya ɗinka sabuwar babbar riga ruwan ƙasa mai aiki a wuya, ya tara abokansa a tabarma a ƙofar gida tun da hantsi. Tasi ta tsaya. Ɗansa na fari ya fito, ya tako ƙyam kamar mai gadin banki, ya iso har bakin tabarma da takalminsa a ƙafa, ya miƙa wa ubansa hannu.

"Baba, mun same ku lafiya?"

Baba ya dubi hannun, ya dubi gemun, ya sake duban hannun. Can ya taɓa shi da bakin yatsu, ya ce, "Lafiya lau. Sannunku da hanya."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Bayan baƙi sun watse ɗan ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla, wai durƙuso sarakuna da attajirai ne suka ƙirƙiro shi don talaka ya saba da ƙasa, kuma a sabuwar duniyar da ke tafe ba mai sunkuya wa wani. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi, "To ni wanne ne a ciki, sarkin ko attajirin?" Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki.

Tun ran nan ya koma kiran ɗansa "mutumin Samaru", wato unguwar jami'a inda ya je ya kama zama. Yana amsa gaisuwarsa, yana tambayarsa aiki, ana kawo masa ruwa da abinci kamar kowane baƙo. Abu guda ya janye, wato sa albarka. Baba mutum ne mai yawan sa albarka, ko almakashi ka miƙo masa sai ya ce Allah ya yi maka albarka. Amma ban da ɗansa na fari. Bayan aurenmu, duk Juma'a da la'asar mukan je Muciya. In za mu tafi sai in durƙusa in karɓi tawa, yara su karɓi tasu, shi kuwa a ce masa, "A sauka lafiya." Yakan ce abin bai dame shi ba. Sai dai na lura Vespa ɗinsa, wadda ke tashi da bugu ɗaya a ko'ina cikin garin nan, a ƙofar gidan Baba kullum sai ta yi gardama. Sai ya tsaya yana duba fulogi, yana goge madubi, kunnensa na zaure. Ba abin da ke fitowa, sai mu hau mu tafi.

Ni ma aƙidar ba ta bar ni ba. Daren farko ya ce in riƙa kiran sunansa gatsal, don mu daidai ne. Na ce bakina ba zai iya ba, uwata ba ta koya mini haka ba. Muka yi ta ja har muka daidaita a kan Kwamared. Shi yana jin sunan gwagwarmaya ne, ni kuwa na sami abin da zan fake da shi. Har yau haka nake kiransa, jikokinmu ma sun ɗauka sunan yanka ne.

A Samaru muka zauna, ciki da falo a bayan babban titi. Ni ina koyarwa a firamare. Injinan noman da ya karanto ba a taɓa kawo irinsu ƙasar nan ba, sai ya buɗe shagon littattafai kusa da ƙofar jami'a. Shago ne da ake shiga a yi musu, ba a cika shiga a saya ba. A wancan zamanin Samaru cike take da 'yan gurguzu, malamai da ɗalibai, kowa da jakar yadi a kafaɗa da silifa a ƙafa. Kwamared shi ne shugaban wata ƙungiyarsu, don shi kaɗai ne ya taɓa ganin gurguzun da idonsa. A falona suke taro. Ranar da suka tattauna 'yancin mata, tukunya biyu na ɗora ta shinkafa da wake, kuma ni na wanke kwanukan.

Ba shi kaɗai ya daina durƙusawa ba, ya hana a yi masa. In ɗalibi ya rusuna sai ya kama shi ya ɗaga. Akwai wani dattijo mai kawo mana itace daga ƙauye, wanda da ya ga mai gilashi sai ya tsuguna ya gaishe shi. Kwamared ya cicciɓe shi tsaye ya rungume shi. Dattijon bai sake zuwa ba. Daga baya na ji ya gaya wa maƙwabta wai maigidan nan yana da taɓin hankali, a riƙa lura da yara.

A bangon falo akwai hoton wani Bature mai kumatu, babba ne a jam'iyyar ƙasar da ya yi karatu. Ya taɓa ziyartar makarantarsu, har ya gaisa da Kwamared hannu da hannu, kuma wannan hannun ne aka kawo wa Baba. Duk Asabar nakan goge hoton tare da sauran kayan ɗaki.

Sai duniya ta juya. Rediyo ya fara kawo labarin ƙasashen gurguzu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da farko Kwamared ya ce farfaganda ce. Daga baya ya ce gyara ake yi. Daga nan ya daina cewa komai, sai ya zauna da rediyo a cinya, shayi ya huce a gabansa. Na tausaya masa ƙwarai, don mutum ne da ya yarda da abin har zuciya, ba don ci ba. Masu jakar yadi suka fara raguwa a falona. Wasu sun sami aikin banki, wasu sun koma wa'azi, tukunyata ta dawo guda.

Wata safiya rediyo ya ce mai kumatun nan na jikin bangonmu ya fice daga jam'iyyar gurguzu, ya kafa sabuwa, yana yawo kasuwa-kasuwa yana ɗaukar jariran mutane yana neman ƙuri'a. Kwamared ya tashi ya juya hoton ya fuskanci bango, ya ce maci amana ne. Haka na riƙa goge bayan hoton. Bayan wani lokaci aka ce mutumin ya ci zaɓe, ya zama shugaban ƙasarsu, har yana jawabi a kan dimokuraɗiyya kamar da ita aka haife shi. Na dawo daga makaranta na tarar hoton ya juyo.

Na ce, "Kwamared, maci amanar ya dawo?"

Ya ce, "Mutumin ya karanci zamani. Manufa ba ta canza ba, hanya ce ta canza." Ya yi gyaran murya. "Ni ma zan tsaya takara."

Lokacin sojoji sun ce za a koma siyasa, za a fara daga ƙananan hukumomi. Kwamared ya nemi kansila a mazaɓar Muciya, inda aka binne cibiyarsa. Taronsa na farko a PZ aka yi, unguwar shaguna da 'yan tebur a Sabon Gari. Ya hau bayan a-kori-kura da lasifika, ya yi jawabi a kan ma'aikata da 'yan jari-hujja da tarihin ɗan Adam tun daga zamanin farauta. Na ga mutane sun taru a gefe ɗaya na motar, har na ji daɗi, ashe inuwarta suke sha. Yana cikin zamanin bauta wata Bayarabiya mai lemo ta matso ta ce, "Oga, don Allah ka gusa gaba kaɗan, ka tare mini kasuwa."

Ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓar, wani dillalin hatsi mai fara'a, shi ya biyo mu gida. Ya ce, "Malam, mutanen nan ba ƙin ka suke ba. Karatunka ya yi, ba mai musu. Amma a nan ba a cin zaɓe da lasifika. Ka je suna, ka je jana'iza, ka duba marar lafiya. Ka gai da mutane, gaisuwa irin ta 'ya'yan mutane." Da ya faɗi na ƙarshen sai ya dubi gwiwoyin Kwamared.

Aka kwana biyu. Ran na uku da yamma ya kori yara waje, ya rufe ƙofa, ya saki labule, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Nuna mini yadda ake yi."

Na ce, "Me?"

"Kin sani."

Wallahi da ba na son mutumin nan da na sa sai ya faɗa da bakinsa. Na zauna a kujera na zama dattijo. Ya taho, ya sunkuya kamar mai neman allura, ya miƙo hannu. Na ce a mayar da hannun. Ya sake, ya tafi ƙasa gaba ɗaya ya zauna daɓas. Na ce ba a zama, ba kai aka yi wa haihuwa ba. A karo na gaba gwiwarsa ta yi ƙara har na ɗauka ƙafar kujera ce. Na koya masa cire takalmi tun daga nesa, da sauke ido, da ajiye gaisuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba, da cewa ba a tashi sai an sallame ka. Da ya miƙe yana haki ya ce in sani wannan dabara ce ta wucin gadi. Na ce na sani, a sake.

Abin mamaki, da ya iya sai ya fi kowa. Mutum ne da in ya kama abu yakan kama shi da gaske. Ya durƙusa wa liman, ya durƙusa wa fasto. Ya je unguwar mutanen ƙauye da suka shigo gari, ya tsuguna a gaban tsofaffinsu yana tambayar damina. A gidan wani dattijon Bayarabe na ji har kwanciya ya yi rub-da-ciki, don an ce masa su haka suke yi. Inyamurai masu kayan mota a PZ ba su ma bukatar durƙuso, amma suka samu. Wata rana ciyaman ya riƙo shi da ƙyar zai tsuguna wa mai faci, yaron da bai wuce ƙaninsa ba. Wandunansa duka suka yi fari a gwiwa. Mutane suka fara cewa ashe ɗan gidan Baba yana da tarbiyya, sanyin Turai ne ya daskarar da shi.

Gida ɗaya ne a Muciya da bai durƙusa ba. Ran Juma'a muka je kamar kullum, sai dai mun bar yara a gida, ya tsaya ƙyam ya ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Baba ya ce, "Lafiya lau."

Wannan ya fi na farko ciwo. Da can ana cewa aƙida ce, kowa ya shafa. Yanzu kuwa duk unguwa ta san ya tsuguna wa kowa ban da ubansa. Da na shiga gaishe shi a ɗaki, Baba ya ce da ni, "Ɗiyata, na ji an ce gwiwar mutumin Samaru ta warke." Yana murmushi ya faɗa, amma idonsa ba ya murmushi. Na ce a yi masa addu'a. Ya ce addu'a ai kowa ana yi masa.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Ina bayan Vespa nake zazzaga masa, iska na kwashe rabi. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, mai faci ya fi ubanka ne? Na ce in kunya ce, ai ka riga ka zubar da ita a titin PZ. Muka fita daga Sabon Gari. Sai ya gangara gefen titi ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ya kashe mashin, bai juyo ba.

Ya ce, "In na durƙusa masa yanzu, me zai ce?"

"Zai ce Allah ya yi maka albarka."

"Zai ce ƙuri'a nake nema. Kuma ba wanda zai ga laifinsa." Ya daɗe yana murza hannun mashin. "Kin ɗauka ban so ba? Tun ba a haifi babban yaronmu ba nake so. Na rasa ta inda zan fara. Yanzu na iya, kuma na mayar da abin na kowa da kowa. Duk wanda na tsuguna wa a watannin nan wani abu nake nema a wurinsa. Ba zan sa Baba a layin nan ba."

Ban taɓa jin tausayinsa da ƙaunarsa kamar ran nan ba, yana zaune da wando mai farar gwiwa yana kallon titi. Na ce ya tayar mu tafi, yara na jira.

Ciyaman kuwa hankalinsa ya tashi, kuma yana da dalili. Zaɓen wancan lokaci ba a ɓoye ake yi ba. Ƙato bayan ƙato ake ce masa: a kafa hoton kowane ɗan takara a fili, mai so ya je ya tsaya a layi a bayan hoton, a ƙirga kawuna kowa na gani. Baba yana da majalisa ta tsofaffin ma'aikatan jirgi, kuma duk inda ya tsaya nan za su tsaya, su da 'ya'yansu da surukansu. Abokin takarar Kwamared wani mai kemis ne, ɗan aminin Baba, wanda tun yana rarrafe yake durƙusa masa. Ciyaman ya zo shago, ya zo gida, ya aiko mutane. Ya ce, "Malam, sau ɗaya tak. Ka yi wa bare, balle wanda ya haife ka? In tsohon nan ya tsaya a wancan layin mun faɗi, ka rubuta ka ajiye." Kwamared ya ce ya ji, amma ba zai yi ba. Ciyaman ya ce shi dai bai taɓa ganin ɗan siyasa irin wannan ba, ya fita yana salati.

Ni abin da na iya yi shi ne na je wurin Inna, uwar mijina. Na same ta tana tsince shinkafa, na zauna na taya ta, na kwashe maganar ƙarƙashin mangwaro na gaya mata kaf. Ba ta ɗago kai ba. Da na gama ta ce, "To." Inna takan yi magana mai tsawo da "to" ɗin nan, sai dai ba kullum ake gane ta ba. Ban tambaye ta ko za ta kai maganar ɗakin Baba ba, ita ma ba ta ce ba.

Ranar zaɓe aka taru a filin wata firamare a Muciya. Aka kafa hotuna biyu a jikin sanduna. Na Kwamared ya fito da gemu kamar wanda ake nema. Maza da layinsu, mata da nasu, a bayan kowane hoto. Inna ta zo da mayafinta ta tsaya a gabana ba ta dubi kowa ba. Na ga mai lemon nan ta PZ a layinmu, na ga mai faci. Layukan sun yi kusan kai ɗaya, kuma kowa ya san wanda ake jira. Rana ta take, malaman zaɓe suna duba agogo.

Sai ga su sun shigo ta ƙofar makaranta, Baba a gaba da sandarsa, tsofaffi na biye. Da na ga rigar jikinsa sai na gane ta. Ruwan ƙasa ce mai aiki a wuya, wadda ya ɗinka ranar da ɗansa ya dawo daga Turai. Tun ran nan ban sake ganin ta ba. Har ta yi masa yawa.

Ya tako a hankali ya biyo ta gaban layinmu. Ya tsaya daidai hoton, ya ɗaga kai ya dube shi. Ciyaman har ya fara washe baki. Sai Baba ya juya, ya tsallaka fili, ya je ya tsaya a bayan hoton mai kemis. Tsofaffin suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, iyalansu suka zare jiki daga ko'ina suka bi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata wannan tsoho ya cika riƙo, a gaban duniya zai tozarta ɗansa. Na dubi Inna, ko gezau. Na dubi Kwamared can gefe inda 'yan takara ke tsayawa, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Aka bi layi ana dafa kafaɗu ana ƙirgawa da ƙarfi. Ba a daɗe ba aka sanar, mai kemis ya ci. Yaransa suka ɗau ihu da kiɗan galan, suka ɗaga shi sama. Ciyaman ya zauna a ƙasa ya cire hula. Layuka suka fara watsewa, amma Baba bai motsa ba. Yana nan tsaye cikin rana inda aka ƙirga shi, hannu biyu a kan sanda.

Kwamared ya sunkuya ya cire takalminsa. Ya bar su nan, ya tako cikin ƙasa mai zafi, ya ratsa masu kiɗa. Da mutane suka ga inda ya dosa sai kiɗan ya fara mutuwa. Ya isa gaban ubansa, ya tafi ƙasa a hankali, gwiwa biyu, ya sauke ido. Ko ni da na koya masa ban ga abin gyarawa ba.

Ya ce, "Baba, barka da rana."

Baba ya ce, "An gama ƙirga."

"Na sani, Baba."

"Ka faɗi."

"Na sani."

Baba ya kalli tsakiyar kan ɗansa, inda furfura ta fara fitowa. Sannan ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ka dawo lafiya?"

Kwamared ya ɗan ɗago, bai gane ba.

"Ya hanya? Ya ka baro mutanen can? An ce sanyin ƙasar ba kyau. Ya karatu, an samu abin da aka je nema?"

Sai a sannan na gane abin da rigar take yi a jikinsa. Gaisuwar da ya tanada a tabarma ce ran nan, ya ajiye ta duk shekarun nan bai yar ba. Ya yi ta jero ta ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake komai ba, har da tambayar ko ana samun tuwo a can. Kwamared yana amsawa, "Lafiya lau, Baba. Alhamdu lillahi, Baba," muryarsa na rawa, hawaye na bin gemu. Mutumin da ya yi wa PZ jawabin tarihin duniya, ran nan kalma uku ta gagare shi. Ni ma kuka nake, Inna ta miƙo mini bakin mayafinta ba tare da ta juyo ba.

Baba bai yi gaggawar sallamarsa ba, kuma ina jin da gangan ne. Da ya ga ya isa, ya ɗora hannu a kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya faɗa da ƙarfi yadda na bayan fili ma suka ji. Tsofaffin jirgi suka ce amin, masu galan ma suka ce amin.

Kwamared ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Baba ya dube shi ya girgiza kai, ya miƙa masa sandarsa. Da ita ya miƙe. Baba ya dafa kafaɗarsa tunda sanda ta bar hannunsa, ya ce, "Mu je gida. Naman ragon nan dai ya ƙare tuni, amma ba a rasa tuwo ba."

Daga baya Kwamared ya sake tsayawa ya ci, ya yi kansilansa, ya gyara kwalbatoci da rijiyoyi, bai kawo sabuwar duniya ba amma bai ci na kowa ba. Lokacin an koma jefa ƙuri'a a ɓoye, kuma har Baba ya koma ga Allah bai faɗi wanda ya zaɓa ba.

Abin da na fi tunawa shi ne yammacin wancan ranar. Mun ci tuwo, mun yi sallama, Baba ya sake sa masa albarka a zaure kamar yana biyan ta baya. Ni na koma filin makaranta na ɗauko takalman da ya manta. Da muka fito ya hau Vespa, ya buga sau ɗaya, ta tashi.